Yadda za ka ba 'yan majalisa labarin Ted Williams

Ƙanena, in za ka kawo wa 'yan majalisarmu ta Fagge labarin ɗan wasan besbol, wato wasan Amurka da ake buga ƙwallo da sanda, kada ka fara da dokokin wasan. Mutanen da Kano Pillars ce a ransu ba za su saurare ka ba. Fara da yaƙi, tunda har yanzu ana tuna dattawan da suka je ƙasar Bama a Yaƙin Duniya na Biyu.

Ka ce musu an haifi Ted Williams a San Diego ta Amurka a 1918, ya fara buga wa ƙungiyar Boston Red Sox a 1939. A 1941 makin bugunsa ya kai .406. Nan ka tsaya ka yi bayani: cikin fitowa 10 da sanda, yana cin nasara a 4, alhali mai samun 3 ma gwani ne.

Sai ka zo kan abin da ya fi ɗaukar hankali. Yana ganiyar ƙarfinsa ya ajiye sanda, 1943 zuwa 1945, ya koyi tuƙin jirgin yaƙi har ya koyar da wasu. A 1952 aka sake kiran sa, ya tafi Koriya, ya fita farmaki sau 39. Ni dai a nan nake jan labarin.

Wani zai tambaya ko an dakatar da gasar besbol a lokacin Yaƙin Duniya na Biyu. A'a, Shugaban Amurka Roosevelt ya rubuta wasiƙa a Janairun 1942 cewa a ci gaba. Ritayar Williams a 1960 kuwa, jimla ɗaya ta ishe ta.