Yadda Ake Amfani da Kabewar Zukini da Adana Ta

Duk wanda ya saba da kabewar miyar taushe, wadda ake jinginewa a kusurwar ɗaki ta yi watanni ba ta lalace ba, sai ya sake lissafi idan ya shuka zukini a lambunsa. Ita wannan kabewa, wadda manoman Italiya suka fitar da irinta, siffar kokwamba gare ta, kuma ana cin ta ne tun tana ɗanya, kafin ta ƙosa. Kusan kashi 95 cikin ɗari na jikinta ruwa ne, shi ya sa ba ta jure ajiya.

A yanke ta da wuƙa da sassafe idan tsawonta ya kai santimita 15 zuwa 20, a bar mata ɗan guntun kara. Wajibi ne a riƙa ɗaga ganye kullum ana dubawa, domin wadda ta ɓuya takan zama ƙatuwa cikin 'yan kwanaki, 'ya'yan cikinta su ƙosa, uwar kuma ta rage haihuwa.

Ba a feraye ta. A wanke, a yayyanka, a soya da albasa da attaruhu da ƙwai, ko a zuba a miyar gyaɗa dab da saukewa, don minti biyar ya ishe ta nuna. A fara ɗanɗana ɗan yanki tukuna. Idan aka ji ɗaci mai tsanani, a zubar da ita gaba ɗaya, domin tana jawo amai da gudawa, kuma dafuwa ba ta kashe wannan guba.

Wadda za a ajiye kada ruwa ya taɓa ta. A sa a leda mai huji a aljihun ƙasa na firji, inda za ta yi kwana biyar zuwa mako guda. Sanyin da ya wuce kima yana sa fatarta ramuka. Inda wutar lantarki ba ta tsayawa, tukunya cikin tukunya da jiƙaƙƙen yashi a tsakaninsu, dabarar da Mohammed Bah Abba ya yaɗa a ƙauyukan Jigawa, tana ƙara mata kwanaki.

Idan amfanin ya fi ƙarfin gida, a ganina shanya ta fi daskararwa kwanciyar hankali. A yanka ta siri-siri kamar kuɓewa, a baza a faifai, a lulluɓe da yadi marar kauri saboda ƙuda da ƙura, har sai ta bushe ƙarau tana karyewa a hannu, sannan a rufe a kwalba.