Ranar da saba ta tsaya: kurakuran da masu hayar VPS suka fi yi

Makarantu masu zaman kansu da yawa a Birnin Kebbi da Gusau yanzu ta intanet suke fitar da sakamakon jarrabawa. Shagunan magani da ƙungiyoyin adashi da dillalan shinkafa na Argungu da Jega su ma an fara ganinsu da manhajar lissafi, kuma akasari a kan sabar haya take zaune, wato VPS: wani yanki ne ake yanka maka daga babbar kwamfuta da ke Legas ko Jamus ko Faransa, kana biya duk wata. Matasan da ke haɗa waɗannan shafuka sun iya aikinsu. Inda gizo ke saƙar shi ne ranar da sabar ta tsaya, mai makaranta ya bugo waya ya ce, "Injiniya, zuwa yaushe za ta dawo?" sai a yi shiru.

Abin da ya fi yaudarar mutane shi ne alƙawarin da kamfanoni ke rubutawa a tallansu cewa sabar za ta kasance tana aiki kashi 99.9 cikin ɗari na lokaci. Idan ka lissafa, wannan ya ba su damar tsayawa kusan minti 43 a wata, ko kusan awa tara a shekara. Idan sun wuce haka, abin da suke bayarwa yawanci ragin kuɗin haya ne. Alƙawarin a kan na'urar yake, cewa za ta kunnu. Bayanan da ke cikinta kuwa, a yawancin yarjejeniyoyin VPS mai arha, an rubuta ƙarara cewa nauyinsu yana wuyanka. Ka karanta wannan sashe kafin ka biya. In akwai zaɓin kwafin ko-ta-kwana na kamfanin, ka duba ko a kunne yake, domin sau da yawa kuɗinsa daban ne kuma ba ya kunna kansa.

Sai kuskuren da ya fi ba ni tausayi, saboda mai shi ya yi ƙoƙari: ya saita kwafi yana gudana kowane dare, amma a cikin sabar yake ajiye shi, ko a asusu ɗaya, a gini ɗaya. Kamar manomin da ya zuba irin shuka da hatsin ci a rumbu guda ne, in gobara ta tashi duka za ta kwashe. A watan Maris na 2021 wuta ta kama cibiyar OVHcloud, kamfanin bayar da hayar saba, da ke Strasbourg a Faransa, gini ɗaya ya ƙone ƙurmus, wani kuma ya lalace. Akwai waɗanda suka biya kuɗin kwafi, sai bayan gobarar suka gano a wuri ɗaya aka ajiye shi da sabarsu. Daga baya kotu a Faransa ta sa kamfanin ya biya wasu diyya, amma diyya ba ta dawo da bayanan da suka zama toka. Ƙa'idar da ma'aikatan wannan fanni suka daɗe suna bi ita ce kwafi uku, a kan ma'ajiya iri biyu, ɗaya a can wani wuri daban. A aikace: ɗaya a sabar, ɗaya a ma'ajiyar wani kamfani dabam da kalmar sirri dabam, ɗaya kuma a faifai a ofis, a cire shi daga kwamfuta in an gama. Sinafshot, wato kwafin sabar gaba ɗaya yadda take a lokacin, wanda ake ɗauka kafin sabunta manhaja, yana da amfani, sai dai a hannun kamfanin yake, in asusunka ya rufe ya tafi da shi.

Rumbun bayanai kuma ba a kwafarsa kamar hoto. Wanda ya kwashi fayilolin MySQL, manhajar da ke riƙe rumbun bayanai, alhali ana cikin rubuta musu, zai iya samun kwafin da ba ya buɗuwa. A yi amfani da mysqldump, manhajar da aka tanada don kwafar rumbun MySQL, ko pg_dump ga masu amfani da takwararta PostgreSQL. Kuma kada kwafin yau ya riƙa shafe na jiya. Idan ɓarayin intanet suka kulle fayiloli, ko sakatare ya goge sakamakon aji guda bisa kuskure ba a lura ba sai bayan mako, kwafin daren jiya ɓarnar ya ɗauko. A riƙe na kowace rana na mako guda, na kowane mako na wata guda, da na wasu watanni baya.

Babban kuskuren dai, wanda nake ganin ya fi sauran illa, shi ne ba a taɓa gwada dawo da kwafin ba. Ba ƙananan masu sana'a kaɗai ke faɗawa wannan rami ba. A ranar 31 ga Janairu 2017 wani ma'aikacin GitLab, babban kamfanin da masu haɗa manhaja ke ajiye aikinsu a shafinsa, ya goge rumbun bayanan kamfanin bisa kuskure. Da suka juya ga kwafin da suka dogara da shi, sai suka tarar ya daɗe ba ya aiki, saƙon gargaɗin da ya kamata ya sanar da su ma bai taɓa isowa ba. Wani kwafi da aka ɗauka awa shida kafin nan ne ya cece su, aikin waɗannan awanni shida ya salwanta, dawo da shafin kuma ya ci kusan awa 18. Ba a fafe gora ranar tafiya. Ka yi hayar ƙaramar saba ta 'yan awanni, kamfanoni da yawa da awa suke caji, ka zuba kwafin a kanta, ka shiga da asusun ɗalibi ɗaya ka ga ko sakamakonsa ya fito, ka duba agogo daga farko zuwa ƙarshe. Lokacin da ka gani shi ne amsar da za ka ba mai makaranta. Ka maimaita kowane zangon karatu, musamman kafin makon sakin sakamako.

A nan ne za ka gane cewa tambayoyi biyu ne, kuma mai kasuwancin ne ya kamata ya amsa su, ba injiniya ba. Aikin awa nawa za mu iya jure asararsa? Kuma awa nawa za mu iya zama a rufe? Shafin da ake sa labarin makaranta kawai, kwafin mako-mako ya ishe shi. Shagon magani da ke rubuta ciniki da bashi tun safe har dare, in kwafinsa na ƙarfe biyun dare ne sabar ta faɗi bayan la'asar, cinikin yini guda ya tafi. Irin wannan yana bukatar kwafi duk awa.

Wani lissafi da ake mantawa da shi shi ne na ɗora bayanai. A ce kwafinka gigabait 50 ne yana kan faifai a Gusau, layinka kuma yana ɗorawa da megabit 5 a daƙiƙa. Za ka yi sama da awa 22, in wuta ba ta ɗauke ba kuma sabis bai yanke ba. Shi ya sa faifan ofis matakin ƙarshe ne. Kwafin da za a dawo da shi cikin gaggawa ya zauna a wata cibiya, inda saba za ta jawo daga saba cikin mintuna. Haka nan sabuwar saba takan zo da sabuwar lambar IP, wato lambar da ake gane saba da ita a intanet, kuma in an bar TTL na adireshin shafin, wato tsawon lokacin da ake riƙe tsohuwar lambar kafin a nemi sabuwa, a daƙiƙa 86400, wasu masu ziyara za su iya yini guda ana kai su tsohuwar. A rage shi zuwa daƙiƙa 300 tun ana zaman lafiya.

Akwai kuma abin da mu a wannan yanki muka ɗanɗana. A watan Satumba na 2021 an rufe layukan sadarwa a Zamfara baki ɗaya na tsawon makonni saboda matsalar tsaro. Sabar da ke Turai lafiyarta ƙalau a lokacin, mai ita ne ba ya iya kaiwa gare ta. Duk wanda lambar shiga asusunsa ta saƙon tes take zuwa, ya makale. A koma ga manhajar da ke fitar da lambar ko babu sabis, a buga lambobin ko-ta-kwana a takarda a kulle a ofis, a kuma ba wani amintacce da ke Sakkwato ko Kaduna izinin shiga da rubutaccen bayanin matakan dawo da shafin.

Rashin biyan haya ma yana kashe saba. Lokacin da bankuna suka dakatar da biyan dala da katin naira a 2022, masu hayar waje da dama sun sha wahalar sabuntawa, kuma kamfani in ya aiko gargaɗi ba a biya ba, yakan dakatar da sabar, bayan wa'adi ya goge ta har da sinafshot. Gargaɗin nan imel yake zuwa, sau da yawa imel ɗin injiniyan da ya tafi bautar ƙasa ko ya koma Abuja. Asusun saba da adireshin shafi su kasance da sunan makarantar ko shagon, da imel ɗin da mutum biyu ke dubawa, kuma in da hali a biya na wata uku gaba.