Babi Na Shida: Yadda Dalar Gyaɗa Ta Tashi, Da Yadda Ta Rushe

Iyayena da 'yan uwana ɗalibai, darasinmu na yau a kan gyaɗa yake. Wasu daga cikinku sun ga dalar gyaɗa ta Kano da idonsu suna yara, wasu kuma a hoto kawai suka gani. Ku karanta a hankali, sakin layi bayan sakin layi. In wani wuri ya shige muku duhu, ku tsayar da malami ya sake bayani.

Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, ya fara jigilar kaya sosai a 1912. Turawa auduga suka sa rai za su riƙa kwasa zuwa masaƙun Ingila. Abin bai yiwu yadda suke so ba, domin masaƙan gida suna sayen audugar da farashin da ya fi na Bature. A daidai lokacin kuma kamfanonin Turai suna neman gyaɗa ido rufe, don yin man girki da sabulu. Manomin ƙasar Kano ya duba ya ga gyaɗa ta fi biya. Tana son ƙasar jigawa, tana gyara gona, harawarta abincin dabbobi ce, in kuwa kasuwa ta ƙi, iyali su ci abarsu. Ba wanda ya tilasta masa. Lissafi ya yi, kamar yadda za mu yi a ƙarshen wannan babi.

To, amma wa zai bi ƙauyuka ya tattaro gyaɗar? Bature bai san hanya ba, bai san mutane ba. A nan ne fataken goro suka shigo, waɗanda suka daɗe suna zuwa Gwanja. Cikinsu akwai Umaru Sharubutu da Maikano Agogo, sai kuma wanda sunansa ya fi fita, Alhassan Ɗantata, haifaffen Bebeji a 1877. Kafin gyaɗa, ya riga ya ƙware a fataucin goro tsakanin ƙasar da ake kira Gana a yau da Najeriya. A 1918 ya zama mai saye wa kamfanin Turawa mai suna Neja gyaɗa.

Ku lura da abin da waɗannan mutane suka zo da shi. Suna da jari da suka tara a hankali. Suna da yara a garuruwa da ƙauyuka, waɗanda za a damƙa wa kuɗi tun kafin kaka, su tafi, su dawo da kaya cif-cif. Manoma sun san su, sun yarda da maganarsu. Wannan amana shekaru aka yi ana gina ta a kan hanyar goro. Jirgi ya zo wa kowa da kowa, amma wanda ya same shi a shirye shi ya fi cin moriyarsa. Ana ba da labari cewa da bankin Turawa ya buɗe reshe a Kano a 1929, Ɗantata ya kai ajiyar kuɗin azurfa lodin raƙuma 20. Ya rasu a 1955, ana lissafa shi a sahun gaba na attajiran Afirka ta Yamma.

Ita dalar kanta, buhuna ne ake jerawa, faɗi a ƙasa, tsini a sama. 'Yan dako na hawa da buhu a ka, suna taka buhunan da aka riga aka jera har su kai ƙololuwa, sannan a lulluɓe da tamfol saboda ruwa. Dala guda kan ci buhu wajen 15,000. An yi su a Ƙofar Mazugal da Birget da Bebeji da Malam Madori da sauran wurare. Akwai abin da mutane ba su cika faɗa ba: ita dalar, gyaɗa ce da ke jiran jirgi. Noma ya fi ƙarfin taragon da za su kwashe zuwa Legas, shi ya sa kaya ke taruwa.

Yanzu mu zo kan faɗuwa, don nan ne darasin ya fi yawa.

In ka tambayi mutane me ya kashe gyaɗa, yawanci za su ce fari da cuta. Gaskiya ne an yi mummunan fari daga 1972 zuwa 1974. A 1975 kuma cutar da manoma ke kira kuturtar gyaɗa, wadda wasu ƙananan ƙwari ke yaɗawa, ta lalata gonaki kimanin hekta 700,000 a arewacin Najeriya. Mutane da yawa ko irin shuka ba su tsira da shi ba. Amma an sha yin fari a ƙasar nan, manomi ya koma gonarsa da ruwa ya dawo. Me ya sa a wannan karon bai koma wa gyaɗa ba?

Amsar tana baya. Tun 1949 gwamnati ta kafa hukumar ciniki mai sayen gyaɗa, a 1954 aikin ya koma hannun hukumar Jihar Arewa. Ita kaɗai ke da ikon fitar da gyaɗa waje, ita ke yanke farashi. Ta kan sayi kaya a hannun manomi da rahusa, ta sayar a Turai da tsada, ta riƙe rarar. An yi ayyukan raya ƙasa da kuɗin, wannan ba a musa shi. Sai dai wanda ya yi huɗa, ya yi noma, ya yi cira da ɓara, shi ne rabonsa ya fi ƙanƙanta, shekara da shekaru. Mai saye ɗaya ne, ba shi da wata ƙofar da zai ƙwanƙwasa. An yi ta tatsar saniya ba a ba ta dusa. Wannan shi ne abin da ya fi ci mini rai a tarihin nan, domin da an bar wa manomi abin da zai ajiye, da ya sami ƙarfin sake sayen iri bayan annoba.

Sai kuma kuɗin man fetur suka ɓarke daga 1973. Hankalin gwamnati ya bar gona, samari suka nufi birni neman aikin albashi da kwangila. Manoman da suka rage suka koma gero da dawa da wake. Kafin a soke hukumomin cinikin a 1986, dalar ta riga ta ɓace. Har yau ana noman gyaɗa da yawa, akwai ma iri mai saurin nuna da jure kuturta, kamar Samnut 24 na cibiyar binciken noma ta Samaru, amma yawancin gyaɗar a gida ake matse ta a cinye.

Kada ku ce wannan maganar gwamnati ce da attajirai. Mai tebur a ƙofar gida ma tana da nata manomin: wanda ke kawo mata kaya, da yarinyar da ke mata talla, da mai injin niƙa. In kullum ita ce da riba su ne da asara, wata rana za ta neme su ta rasa. Haka wanda duk cinikinsa ya rataya a kan mai saye guda. Ran da mai sayen ya karya farashi, ba shi da ta cewa.

Aikin lissafi

Ga misali. Wata mata mai sana'ar ƙuli-ƙuli ta sayi gyaɗa kwano 10, kowane kwano naira 3,000. Ta biya kuɗin niƙa 2,000, itace 1,500, kuɗin mota 1,000, gishiri da yaji 500. Ta sayar da mai na 24,000, ƙuli na 15,000. A cikin makon ta ɗebi 6,000 daga kuɗin ciniki ta yi cefane.

Ku rubuta a littafinku: nawa ta kashe gaba ɗaya? Nawa ta samu? Nawa ce ribarta? Bayan cefanen, ta taɓa uwar kuɗi ko ba ta taɓa ba? In ta taɓa, da nawa? In ta ci gaba da haka mako biyar, kwano nawa za ta iya saye?

Tambayoyin tattaunawa

Ku zauna uku-uku. Kowa ya faɗi sana'arsa, ya lissafa mutanen da sana'ar ba za ta yiwu ba sai da su. Me kowannensu ke samu? Sannan kowa ya faɗi masu sayen kayansa nawa ne, da abin da zai yi in babban cikinsu ya daina zuwa.

Aikin gida

Ku nemi dattijon da ya yi noman gyaɗa ko dakonta kafin 1975. Ku gaishe shi da ladabi, ku ce, "Baba, me ya sa kuka rage noman gyaɗa?" Ku rubuta amsarsa cikin layi biyar, ku zo da ita aji mako mai zuwa.