Yadda za ka gano abin da ya raba karen gidanku da kakansa kyarkeci

Kare ɗaya ya ishe ka wannan aikin, ko na mafarauta ko na gadi, amma dai ya zama wanda ya saba da kai kuma an yi masa allurar rigakafin hauka, kar ka je ka tsokano karen bola ka ce ni na aike ka.

Ka fara riƙe wannan tukunna. Kare daga kyarkeci mai launin toka na Turai da Asiya ya fito, ba wancan na dajin Afirka mai dabbare-dabbare ba, ba kuma dila ba, shi ya sa har yau in kare da kyarkeci mai launin toka sun haɗu suna iya barbara su haihu. Kuma abin ya daɗe fa, tun mutum bai fara noma ko kiwon akuya ba. A 1914 masu fasa dutse a Oberkassel kusa da Bonn a Jamus suka tono wani kabari mai shekara wajen 14,000, namiji da mace da kare an binne su tare, haƙoran karen ma sun nuna ya yi muguwar rashin lafiya yana kwikwiyo, da ba wani ne ya yi jinyarsa ba da bai kai labari ba.

To yanzu dubi kunne da wutsiya. Kunnen babban kyarkeci a tsaye yake cak, wutsiya a sake ƙasa, in ka ga naka kunnen ya langaɓe, wutsiya ta lanƙwashe sama, ga farin tabo a ƙirji, alamun zama da mutane ke nan. Wani masani ɗan Rasha, Dmitri Belyaev, ya fara wani gwaji a Novosibirsk a 1959 da yanyawa, ba ya zaɓar komai sai waɗanda ba sa tsoron mutum, su kaɗai yake bari su haihu, ana cikin haka sai ga jikokinsu da langaɓaɓɓen kunne da nannaɗaɗɗiyar wutsiya alhali ba wanda ya nemi hakan. Ni wannan gwajin ya fi komai gamsar da ni.

Sai abinci. Zuba masa ragowar tuwo ka ga yadda zai lashe kwanon tas. Wani bincike na Jami'ar Uppsala a Suwidin a 2013 ya nuna ƙwayar gadon da ke taimakawa wajen narkar da sitaci, AMY2B, kyarkeci kwafi 2 yake da ita, yawancin karnuka kuwa sun ninka haka, wato cikinsa ma ya bi abincin manomi.

Wanda ya fi daɗi shi ne na nuni. Samo kwano biyu iri ɗaya, goga ɗan nama a cikin dukansu don kar hanci ya ba shi amsa, ɓoye tsoka a ƙarƙashin ɗaya ba tare da ya gani ba, ka kifa su da ɗan tazara, wani ya riƙe maka karen, sai ka nuna na naman da yatsa kar ka ce uffan. Yawanci zai bi yatsan, har ƴan kwikwiyo ma suna yi. In kuma ka danne kwanon ya kasa buɗewa za ka ga ya ɗago ya zuba maka ido wai ka taimaka, kyarkeci ko a hannun mutane ya tashi ya fi yawan ci gaba da kokawa da abin shi kaɗai.

Haushi ma nasa ne, kyarkeci kuka mai tsawo ya fi yi. In karya gare ka lura da lokacin barbararta, yawanci sau biyu a shekara, ta kyarkeci sau ɗaya. Sai dai kar ka ɗauki wannan ƙa'ida ce ba togiya, wani irin kare da ake kira Basenji na ƙasar Kwango, macensa sau ɗaya take yi a shekara kuma ba ya haushi irin na sauran.

Gwajin kwanon ka maimaita shi kamar sau goma kana sauya ɓangare, kuma da safe kafin ya ci abinci, in ya ƙoshi ko kallonka ba zai yi ba.