Darasi: Amiba da Ƙwayoyin Cutar da Take Ɓoyewa a Matatar Ruwan Ƙazanta

Idan ruwan bayan gida da na wanki ya isa matata, irin ta Wupa da ke Abuja, ana fara cire masa tarkace da yashi, sannan a tura shi tankin da ake hura iska. A nan bakteriya ke cinye ƙazantar. Su ma bakteriyar suna da masu cinsu, wato wasu halittu masu ƙwayar jiki ɗaya tak da ido ba ya gani. Ba don su ba, da ruwan ba zai fita garau ba.

Ɗebo ruwan tankin, ka ɗiga ɗigo ɗaya a kan gilashi, ka duba a madubin likita mai ƙara girma sau 100. Za ka ga Vorticella, mai kama da ƙaramar ƙararrawa a kan tsinke, gashin bakinta yana kaɗa ruwa yana janyo abinci. Yawanta alamar lafiyar tanki ce. In kuwa amiba (halitta mai ƙwayar jiki ɗaya da ke sauya siffa) da wasu ƙananan halittu masu iyo da wutsiya suka mamaye ɗigon, to ƙazanta ta fi ƙarfin tankin ko iska ta yi kaɗan. A riƙe oksijin wajen miligiram 2 a kowace lita. A kuma cika kwalbar awo mai lita ɗaya da ruwan tankin, a ajiye minti 30: in tankin yana lafiya, lakar da ke cikin ruwan za ta kwanta, ruwan sama ya washe.

Amiba ita ce abin lura. Tana tafiya a hankali, tana miƙa jiki ta lulluɓe bakteriya ta narkar da ita. Amma akwai waɗanda ba sa narkewa. Legionella, mai jawo ciwon huhu mai tsanani, tana zama cikin amiba irin Acanthamoeba ta hayayyafa, har amibar ta fashe su fito da yawa. Idan wuri ya bushe ko aka zuba magani, amibar takan dunƙule ta yi wa kanta ɓawo mai ruɓi biyu. Kulorin da aka saba zubawa ba ya ratsa wannan ɓawo, don haka abin da ke ciki yana tsira. Shi ya sa hasken ruwa ba shaidar tsabtarsa ba ce.

Legionella tana yaɗuwa a ɗumin digiri 25 zuwa 45, kuma ruwan tankunanmu yakan kai haka. Ta numfashi take shiga, cikin feshin da ke tashi daga tankin iska. A shekarar 2013 cutar ta ɓarke a garin Warstein na Jamus, aka kuma gano ƙwayar da yawa a matatar ruwan ƙazanta.

Ma'aikaci ya sa takunkumin N95, safar hannu da tabarau, ya tsaya ta ɓangaren da iskar gari ke busowa, don kada ta kwaso masa feshin tankin. Kada ya wanke fuska da ruwan matata, domin Acanthamoeba tana cin baƙin ido. Wanda zazzaɓi, tari da sarƙewar numfashi suka kama kwana 2 zuwa 10 bayan aiki a wurin, ya je asibiti ya gaya wa likita irin aikin da yake yi.