"Out of the blue": inda masu koyon Turanci ke tuntuɓe

Na gaji da jan biro a ƙarƙashin wannan salon magana a takardun ɗalibai. Ma'anarsa ba wuya: abu ya auku, ko mutum ya ɓullo kwatsam, ba zato ba tsammani. Tushensa "a bolt out of the blue", wato aradu ta faɗo alhali sama garau take, ko ɗigon hadari babu. Tun 1837 marubucin Birtaniya Thomas Carlyle ya yi amfani da shi a littafinsa kan juyin juya halin Faransa.

Kuskuren da ya fi ƙona min rai shi ne cakuɗa shi da "once in a blue moon", mai nufin abin da ba safai yake faruwa ba. Don kawai an ga "blue" a duka biyun, sai a ɗauka uwa ɗaya uba ɗaya suke? Akwai ɗalibina da na tsaya masa a wani kamfani. A intabiyu aka tambaye shi ko yakan makara, ya gyara zama ya ce "out of the blue". Shi nufinsa da wuya. Su kuwa abin da suka ji shi ne makararsa ba ta sallama, duk ranar da ta ga dama take zuwa. Aikin ya wuce shi, ni kuma mutumin da na roƙa bai sake karɓar kowa daga hannuna ba. Haba jama'a, a riƙa tambaya mana!

Sai masu liƙa "out of the blue" ga duk abin da ya zo da sauri. In hadari ya haɗu a gabas cikin Agusta, ruwa ya kece, ai kowa ya ga zuwansa. Amma ɗan'uwan da ya tafi ci-rani shekara da shekaru, ba waya ba saƙo, ka buɗe ƙofa da asuba ka gan shi riƙe da jakarsa, a nan ne za ka ce "he turned up out of the blue".

Kada a jefar da "the", babu "out of blue" a Turanci. Kada a ƙara "s", domin "the blues" baƙin ciki ne. Haɗa shi da "suddenly" maimaici ne, ko da yake Turawan ma sukan yi. Ni dai a wasiƙar neman aiki ko ta ofis ba na bari ɗalibaina su sa shi, "unexpectedly" nake ce su rubuta. Wasu malaman na ganin na cika tsanani, amma a ajina haka ake yi.