Yadda Lakota ke haɗa wasna

Wasna abincin guzuri ne na al'ummar Lakota, wata ƙabila ta 'yan asalin Amurka, kuma har gobe ana raba shi a wuraren addu'a da taron dangi. Daga gare shi wani kamfanin 'yan ƙabilar a garin Kyle, yankin Pine Ridge na Dakota ta Kudu a Amurka, ya samo dabarar yin Tanka Bar, wani ɗan curin naman bauna da 'ya'yan itace na sayarwa.

A samu tsokar baunar Amurka, ko ta sa in ba ta samu ba. A cire kitsen jikinta tas, a yanyanka fale-fale kamar za a yi kilishi, amma ba gishiri ba yaji. A shanya har sai ya karye ƙaras a hannu. Nan ne akasari ake kuskure: ɗan danshi kaɗan ya isa ya kawo fumfuna.

Sai a daka. Kofi 2 na dakakken nama, kofi 1 na busassun 'ya'yan chokecherry (wasu ƙananan 'ya'yan itacen daji), waɗanda Lakota ke dakawa har da ƙwallonsu kafin shanya, da cokali 6 na narkakken kitsen ƙoda. A bar kitsen ya huce kaɗan, don mai zafi soya naman yake yi. A cakuɗa, a dunƙule, a ajiye inda ba zafi.